Kada Ku Ba Inna Sadaka

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar Talle da ke bayan tashar Zuru zai gaya maka ba ta zama. Akwai kujera 'yar tsuguno a gindin murhunta, amma kwanon gishiri ne ke zaune a kai. Tana tuƙa tuwo tana leƙen hanya, tana zuba miya tana yi wa mai kawo itace faɗa, in babu abin yi sai ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Zai kuma gaya maka cewa a shekarun da ta buɗe rumfar, mabaraci ba ya samun ko sisi a hannunta. In ya ce yunwa yake ji, ta nuna masa benci ta zuba masa malmala ya ci a gabanta. In ya ce kuɗi, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta juya masa baya. Direbobi suna cewa rowa ce. Tsofaffin da suka san ta tun tana ƙarama ba su cewa komai.

Sunanta na yanka Rahmatu. Talle ya bi ta ne don ubanta ya rasu tana goye. A wani ƙauye bayan Dabai aka haife ta, kuma ba a daɗe da yaye ta ba ciwon ido ya kama uwarta, Adama, ya yi ta ci har hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Gona ta koma hannun ƙannen mijin, su ma abin da suke nomawa bai kai su damina. Adama ta tattara tabarmarta ta shigo Zuru. Tun kafin Talle ta yi famfara ta riƙe bakin sanda, uwarta na riƙe da ɗaya bakin, suna bin kasuwanni. Yau suna Zuru, jibi suna Dirin Daji a bayan motar hatsi.

Ba yunwa Talle ta fi tunawa ba, don ba kullum suke kwana da ita ba. Abin da ya tsaya mata shi ne yadda ake bayarwa. Mutum zai jefo kwabo yana ci gaba da zancensa, bai dubi fuskar kowa ba, kwabon ya gangara cikin kwata, ita kuwa ta durƙusa ta lalubo shi. Uwarta ba ta ganin wannan. Ita ce mai idon, ita ke gani.

Da ta isa aure, wani soja ɗan Dabai mai suna Ladan ya zo hutu ya gan ta, bai tsaya sauraron masu yi masa surutu ba ya aure ta. Ta bar uwarta a hannun wata gwaggo, ta bi miji bariki. Suka zauna Kaduna, suka zauna Legas, suka yi Jos. A can ta koyi sana'ar abinci, ta haifi 'yarta Farida da ƙannenta maza. Duk sojan da zai zo gida hutu sai ta ba shi saƙon atamfa da sabulu da abin cefane ya kai wa Inna. Kowa ya dawo ya ce mata tsohuwa na lafiya, tana gaishe ta. Babu wanda ya ce mata a ina ya same ta.

A shekarar 2002 Ladan ya yi ritaya da muƙamin saje, suka dawo gida. Motar da ta kwaso kayansu ta bi ta ƙofar kasuwa, Talle na zaune a gaba, sai ta hango mabarata a jere ƙarƙashin dogon yaro. A tsakiyarsu wata tsohuwa ta ɗaga kai tana roƙo da murya mai daɗi, sanye da atamfar da Talle ta aiko da Sallah. Ba ta jira mota ta tsaya sosai ba ta diro.

"Inna! Mi kike yi a nan?"

Tsohuwar ta lalubi fuskarta tana dariya tana hawaye. "Ɗiyata ta dawo! Ku ji, ɗiyata ta dawo daga Ikko!"

Ran nan Talle ta kai ta sabon gidansu. Ta ba ta ɗaki mai taga, da katifa, da rediyo. Inna ta yi godiya, ta sa albarka, ta zauna. Ba a yi wata ba, wata safiyar kasuwa aka shiga kai mata kunu aka tarar da ɗaki wayam. Ta riga ta haddace hanya da sandarta, daga ƙofar gida zuwa injin niƙa, daga injin niƙa zuwa kwalbati, daga nan ta bi ƙarar motoci. Talle ta je ta dawo da ita. Mako na zagayowa ta sake fita. Aka ɓoye sandar, ta karyo karan dawa a danga.

"Mi kika rasa a gidan nan?" in ji Talle. "Abinci? Sutura? Gaya mini in kawo."

"Ban rasa komi ba."

"To don mi kike son ki tozarta ni?"

"Ke kina rumfa, Saje na gona, yara na makaranta. Ni da wa zan yi magana, da rediyo? Ina gaishe shi bai amsawa."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, a dawo da ita, ta koma. Talle na tsaye a rumfarta amma rabin hankalinta na ƙofar kasuwa. In baƙo ya zauna cin abinci ya fara ba da labarin wata makauniya mai zaƙin murya da ya gani a hanya, sai ludayi ya kusa faɗuwa daga hannunta.

Abin da ya kai ta bango ya faru ne a 2005, lokacin da wani malamin firamare, Zakiyyu, ya fito neman auren Farida. Gwaggonsa ta zo ganin gida, ta sha ruwa, ta yaba tsabta, sannan da za ta tafi ta ce cikin murmushi, "Ashe tsohuwar nan ta bakin kasuwa taku ce. Ai kullum na wuce sai na sa mata ɗan abin da ya samu." Ba a san ko da nufi ta faɗa ba. Farida dai ta shiga ɗaki ta yi kuka, Talle kuma ta kasa cin abinci.

Washegari ta rufe tukwanenta ta yafa gyale ta shiga gari. Ta bi shago shago, ta bi mahauta, ta bi masu hatsi, ta bi direbobi da 'yan kabu-kabu. Magana ɗaya take yi wa kowa.

"Don Allah, don Annabi, kada ku ƙara ba Inna sadaka. Tana da ci, tana da sha, tana da wurin kwana. In ba ta samu ba za ta gaji ta zauna gida."

Wasu suka ce ta yi gaskiya. Wasu suka sunkuyar da kai suka ce to. Ndubuisi, mai sayar da kayan babur a kan kwanar kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a Zuru, shi ne ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ta.

"Maman Farida, ni kullum da safe kafin in buɗe shago nake ba ta. Ta san tafiyata, tana kiran sunana, tana tambayar matata Agnes da yara. Yanzu gobe in wuce ta kamar ban san ta ba?"

"Ka gaishe ta, kada ka ba ta."

"In ta miƙo hannu fa?"

"Oga, kai kana bayarwa ka ji daɗi ka wuce. Ni na riƙe sandar nan. Da a ce tun farko babu mai ba mu, da wani cikin dangi ya ji kunya ya ɗauke mu, da na shiga aji kamar kowa. Kwabon da ake jefo muna shi ya ajiye mu a titi."

Ndubuisi ya sake ɗaukar abin da ya ajiye. Can ya ce, "Ko kuma da kun mutu. Ban sani ba. Amma uwarki ce, zan yi yadda kika ce."

Talle ta je wajen limamin masallacin tasha tana neman ya goya mata baya. Ya ce lalle roƙo bai dace da wanda ke da mai ɗaukar nauyinsa ba. Ta fara murna, sai ya ƙara da cewa shi kuma wanda aka miƙo wa hannu ba a ɗora masa binciken gidan mai roƙo ba, kuma ta yi hankali da zuciyar mahaifiya. Ta fito ba ta san ko ta ci ko an cinye ta ba.

Saje Ladan bai hana ta ba, amma bai yarda ba. Shi mutum ne da ya je yaƙin Laberiya ya dawo da ƙarancin magana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ga masu gidan sama suna roƙon gwangwanin kifi. Tun ran nan in aka roƙe ni ba ni tambaya."

Maganar Talle ta kama, har ta wuce inda ta nufa. Mutane suka ji nauyin su ba na gefen Inna su tsallake ta tana ji, don haka suka daina bi ta gindin dogon yaron gaba ɗaya. Masu shiga kasuwa suka koma ratsawa ta wajen masu kaji. Inna na ɗaga murya, takalma na wucewa nesa.

Wata rana da azahar, rumfa cike da masu cin abinci, sai ga keken guragu ya tsaya a bakin ƙofa. Yari ne, dattijon gurgu da mabaratan ƙofar kasuwa ke ɗauka babbansu. Ya san Talle tun tana jan sanda.

"Talle, ba abinci na zo ci ba," in ji shi. "Na zo in tambaye ki laifin da muka yi miki."

"Baba Yari, ni da uwata nake, ba da ku ba."

"Da mu kike. Ba ki san yadda muke yi ba? Abin da ya faɗo a tabarmar kowa, da la'asar wuri ɗaya ake haɗa shi a raba. Akwai kuturun da bai iya fitowa, akwai tsohuwar da ƙafa ta kumbura, da rabonsu a ciki. Muryar uwarki ke tsayar da mutane. Ita tun da kuka dawo ba ta ɗaukar komi sai na goro. Yanzu kin kore muna mutane, ke kina nan kina tuƙa tuwo."

Talle ta ce, "To sai ku yi ta zama a titi har ku mutu?"

"Ina za mu? Kina da ɗaki mai taga da za ki ba ni?"

Ya juya kekensa ya tafi.

Daga ranar Talle ta shiga aika wa mabaratan da abinci. Kullum da rana ta cika babbar roba da tuwon dawa da miyar kuka, Saje ya ɗaura a bayan babur ya kai. Ta ɗan sami natsuwa, tana cewa ga hanyar da ta dace, ciki ya cika, hannu bai miƙu ba. Ba a jima ba labari ya zo mata cewa wasunsu na sayar da rabonsu ga masu turin baro. Ta tafi a fusace ta tsaya a kan Yari.

"Abincina kuke sayarwa?"

"Tuwo na sayen sabulu?" in ji shi. "Tuwo na sayen maganin ciwon ƙafa, ko na biyan mota in mutum zai je ganin ɗiyansa? Mu ma mutane ne, ba ciki kaɗai gare mu ba."

Ta daina aikawa. Bayan kwana kaɗan ta kasa jurewa ta ci gaba. Ta sake dainawa. Saje ya ce mata ta tsai da magana ɗaya don ya san ko zai ɗaura roba ko ba zai ɗaura ba.

Inna kuwa, sai a bakin Yari ta ji abin da 'yarta ta yi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dawo gida da kanta tun rana na tsaka, ta jingine sandarta a bayan ƙofa, ta shiga ɗaki. Washegari ba ta fita ba, ranar kasuwa ta zo ta wuce ba ta fita ba. Abin da Talle ta yi shekaru tana nema ya samu.

Sai dai tsohuwar da ta zauna ba ita ce wadda aka sani ba. Ta daina kunna rediyo. Ta daina Hausa, in an yi mata magana sai ta amsa da C'lela, yaren ƙauyensu, wanda jikokinta 'yan bariki ba su ji. Tuwo ta taɓa loma biyu ta ture. Damina ta faɗi, tana kwance tana sauraron ruwa a kan kwano, zanenta na ƙara yi mata yawa. Talle ta kai ta asibiti, aka duba aka ce ba a ga wani ciwo ba, aka ba ta maganin ƙarin jini. Talle ta shiga zirga-zirga tsakanin gida da rumfa, ta kawo farfesu, ta kawo fura, ta koma ta tarar miya ta ƙone. In ta zauna a bakin katifar ta ce, "Inna, ki yi mini magana," sai tsohuwar ta ce, "Ai na zauna. Ba shi kike so ba?"

Wata safiyar kasuwa, bayan Talle ta fita, Saje Ladan ya shiga ɗakin ya durƙusa ya gaishe da surukarsa, ya ce ta tashi ya kai ta shan iska. Ya ɗora ta a babur, ya sa ta riƙe rigarsa, ya tuƙa a hankali har gindin dogon yaro. Mabaratan suka ɗauki sowa. Aka matsa mata a tsakiyar tabarma.

Kafin hantsi labari ya kai rumfa. Talle ta fito ko gyale babu, hannunta duk gari. Tana isowa kusa ta rage sauri. Inna na zaune an sa mata goro a baki, tana ba da wani labari da hannu biyu, Yari na dariya har yana dukan ƙarfen kekensa. Rabon Talle da ta ga haƙoran uwarta tun kafin damina.

Tsohuwar ta katse labarin ta karkata kai. "Tafiyar Talle ce wagga. Kin zo ki tahi da ni?"

Kafin ta amsa, wani direban motar Dirin Daji da ke cin abinci a rumfarta ya zo wucewa. Ya riga ya sa hannu a aljihu, da ya ga Talle sai ya tsaya, hannun na ciki, yana dubanta. Masu tallar gyaɗa suka tsaya kallo. Ndubuisi ya fito ƙofar shagonsa.

Talle ta dubi direban ta dubi uwarta. Ta ce, "Hannunka ne. Amma in za ka ba ta, ka sa mata a tafi, kada ka jefa."

Ya durƙusa ya sa mata a tafi. Talle ta juya ta koma rumfa, ranar kuma babu wanda ya tsira daga faɗanta, har Saje da ya zo da yamma yana sosa ƙeya.

Ba ta taɓa komawa ta janye maganar da ta bi gari tana yi ba, mutane ne suka gane da kansu. Saje ya riƙa kai Inna ranar kasuwa da ranar Juma'a, ya ɗauko ta kafin la'asar. Ta koma cin abinci, ta koma Hausa. Auren Farida da Zakiyyu ya ɗauru bayan kaka, gwaggon nan ma ita ta fi kowa rawa. Talle da uwarta ba su sake tayar da zancen ba, amma duk ranar da babur ya fita da tsohuwar, Talle ba ta leƙowa ta yi mata sai kin dawo.

Inna Adama ta rasu a 2008, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku mabaratan ƙofar kasuwa suka zo gaba ɗayansu, makafi na riƙe da kafaɗar juna, Yari a gaba. Ba roƙo suka zo ba. Sun kawo ƙwaryar gero gudummawa. Talle ta tsaya da ƙwaryar a hannu ta rasa yadda za ta yi, ta karɓa ta ji kamar ta ci abincin bakinsu, ta mayar ta ji ta wulaƙanta su. Ta karɓa. Ta shimfiɗa musu tabarma a inda sauran baƙi ke zaune.

Wanda ya ɗauka daga nan ta zama mai kyauta ga kowane mai roƙo, bai san Talle ba. Har yanzu ba ta da tsayayyar magana. A shekarun nan mabarata sun ƙaru a tasha, ana sauke wasu daga motoci da safe a kwashe su da yamma, akwai ƙato lafiyayye da ke zuwa da labarin an sace masa kuɗin mota, bayan wata guda ya dawo da labarin nan dai. Irin waɗannan tana korarsu da ludayi. Wasu ta ba su abinci, wasu ta kwance bakin zane ta ba su kuɗi, ta dawo tana yi wa kanta faɗa cewa ta ƙara ɗaure su a titi. In direbobi suka tambaye ta, "To Maman Farida, a bayar ko kada a bayar?" sai ta ce su ci tuwonsu su ba ta wuri.

Ranar ƙarshe da na ci abinci a rumfarta, a 2009, wata mata ta zo da tagwaye, ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa, ta ce a taimaka mata da na mota zuwa garinsu. Talle ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta san irinsu, yaran ma wataƙila aro ne. Matar ba ta yi musu ba, ta gyara goyonta ta wuce. Talle ta ci gaba da tuƙi. Ta ɗaga muciya, ta ajiye, ta leƙa hanya, ta sake ɗauka.

"Kun ga ƙafarta?" in ji ta. "Duk ta tsage. Daga nesa ta tako."

Sai ta saki muciyar a cikin tukunya ta fita da gudu-gudu, tana kwance bakin zane. Muka hango ta tana leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar 'yan kamasho. Wani ya ce ya ga matar ta shiga motar da ta tashi yanzu, wani ya ce a'a, kasuwa ta nufa. Talle ta yi wajen kasuwa. Da ta dawo, kuɗin na dunƙule a hannunta, tuwon ya kama har ƙauri ya cika rumfar. Ta sauke tukunyar, ta ce wa Saje, wanda shigowarsa ke nan, ya tayar da babur ya duba mata hanyar Dabai ko zai ga matar.